Shamuwa Ta Sauka: Yadda Za Ka Fara Kallon Tsuntsaye a Ƙasar Katsina da Daura a Farkon Damina

A ƙauyenmu, kan hanyar Katsina zuwa Daura, akwai wata tsohuwar tsamiya a ƙofar masallaci. Duk shekara idan bazara ta kai inda ta kai, kowa ya koma kwanan waje, ruwan randa ya zama kamar an sauke shi daga murhu, sai wata safiya a fito sallah a tarar da baƙaƙen tsuntsaye sun jeru a ƙolinta, cikinsu fari fat. Kakana ba ya jiran rediyo ta gaya masa komai. Yakan ɗaga kai ya dube su, ya juyo ya ce, "Shamuwa ta sauka, a fiddo iri, a duba ƙotar sungumi."

Na girma kafin na san cewa tsuntsuwar nan daga kudancin Afirka take tasowa, wajajen Zambiya da Zimbabwe har Afirka ta Kudu. Can take cin daminarsu, sannan ta biyo ruwa ta dawo mana tsakanin Afrilu da Mayu, ta yi sheƙa, ta yi ƙwai biyu ko uku, ta raini 'ya'yanta da fara da tsutsotsin gona, kaka na ƙaratowa ta juya. Dubban kilomita ke nan, kuma ita ce ke zaune a kan tsamiyarmu tana ɓata wa masu zaman dandali riguna.

Baƙin tsuntsayen Turai da ke cika fadamu lokacin sanyi sun riga sun tafi kafin Mayu ya ƙare, shi ya sa wasu ke ganin farkon damina ba lokacin kallo ba ne. Ni ban yarda ba. Yanzu ne namu na gida suke sauya riga, suke kuka da ƙarfi, suke gini, kuma yanzu ne 'yan ci-ranin cikin Afirka suke isowa. Ganye bai rufe itatuwa ba tukuna, gero bai tashi ya tare ido ba. Ga mai koyo, babu makonnin da suka fi waɗannan sauƙi.

Mataki na farko: ka fara daga tsakar gida

Kada ka nufi daji tukuna. Ka ba kanka mako guda, kullum minti ashirin bayan sallar asuba, ka zauna a wuri ɗaya a gidanku ba tare da waya a hannu ba. Ka ajiye ruwa a kasko ko fasasshiyar tukunya a inuwa, ka sa dutse a ciki don ƙanana su sami wurin tsayawa. A zafin Mayu, da yakan haura digiri 40, kaskon nan zai kawo maka abin da ba ka taɓa zaton yana unguwarku ba.

Kurciya ce za ta fara zuwa. Sai baiwar Allah, 'yar mitsitsiyar nan da namijinta ja ne, macen kuma ruwan ƙasa, wadda ke shiga har ɗaki ba ta tsoron kowa. Sai gwara. A kan katanga ko rufin kwano za ka ga hasbiya, ta fi kurciya girma, da ɗigo-ɗigon fari a fiffike da jan fata kewaye da ido. Idan akwai bedi ko wani itace mai fure a gidan, ka jira sha-kauci, mai siririn baki lanƙwasasshe, wanda namijinsa ke ƙyalli kamar an shafa masa mai. Hankaka da shirwa kuwa ba sai an nuna maka su ba.

Amfanin wannan makon shi ne ka sami ma'auni. Daga yanzu duk baƙon tsuntsun da ka gani, za ka auna shi da waɗanda ka sani: ya kai gwara? Ya fi kurciya? Bai kai hankaka ba? Wanda bai san na gidansu ba, idan ya je daji komai ƙaramin tsuntsu ne ruwan ƙasa.

Mataki na biyu: ka koyi karanta lokaci

A watan Yuni rana na fitowa wajen ƙarfe shida. Daga nan zuwa takwas da rabi ne kasuwar tsuntsaye take ci. Da hantsi ya ɗaga sai su shige inuwa su yi tsit, ba za su sake motsi sosai ba sai bayan la'asar.

Amma akwai ranar da ta fi kowace rana, kuma ba a sa mata kwanan wata: washegarin ruwan farko mai ƙarfi, ko yammacin ranar da aka yi shi. Ƙasa ta jiƙa, suri ya buɗe, shinge ya fara tashi kamar hayaƙi. Ka bar duk abin da kake yi ka nemi suri. Na taɓa tsayawa taku goma daga wani, a bakin wata gona da aka yi wa sharar fage. Tsattsewa na yankar iska a sama, shirwa na cafke shinge da ƙafa tana kai wa baki ba tare da ta sauka ba, cilakowa biyu suna tsalle a ƙasa suna jefa ƙwaro sama su tare, ga shamuwa ta tako a hankali kamar dattijon da ya zo ɗaurin aure. Babu wanda ya kula da ni. A cikin rabin awa na ga abin da kan ɗauke ni mako guda ina nema.

Idan hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara ɗaga ƙura, ka tattara ka tafi. Kada ka fake a ƙarƙashin itace guda tilo a fili, kuma ka yi nesa da bakin ruwa.

Mataki na uku: kaya

Littafin rubutu ƙarami da fensir, gorar ruwa, hula, tufafi marasa haske. Farar shadda tana korar tsuntsu tun daga nesa. Ka sa takalmi rufaffe, domin ruwan farko yana fito da kunama da macizai, kububuwa kuma ba ta yin sallama.

Madubin hangen nesa yana da amfani, amma ba sharaɗi ba ne. Idan za ka saya, nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa: takwas ɗin yawan kusantowa ne, 42 kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Ka guji masu manyan lambobi da ake tallatawa da araha, hannu na rawa hoto na rawa. Yadda ake amfani da shi: ka kafa idonka a kan tsuntsun, sannan ka ɗago madubin zuwa idonka ba tare da ka sunkuya ba. Kuma rana ta kasance a bayanka, in ba haka ba kowane tsuntsu baƙi ne.

Mataki na huɗu: sallama kafin kallo

Wannan ne matakin da na fi so a riƙe, don na koye shi da wahala. Wata safiya na je bakin wani dam, na ajiye babur, na rataya madubi, na fiddo littafi ina rubutu. Ban yi minti ashirin ba sai ga matasa uku da sanduna sun kewaye ni. A halin da yankinmu yake ciki, baƙon da ke hangen nesa da na'ura yana rubuce-rubuce, me kake so mutane su ɗauka? Gaskiyarsu ce. Suka kai ni gaban mai gari. Na durƙusa na ce, "Allah ya ba ka nasara, laifina ne, na shigo gari ban yi sallama ba." Na miƙa masa littafin. Ya bubbuɗa, ya ga zanen zalɓe da na yi, ya yi murmushi ya ce, "Yaro, wannan ai a bayan gari suke kwana." Ya haɗa ni da wani dattijo masunci. Abin da Baba ya nuna mini ran nan, da ni kaɗai ne ba zan gan shi ba ko a wata guda.

Saboda haka duk inda za ka, ka fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci, ka faɗi sunanka da na garinku da abin da ya kawo ka, ka roƙi a ba ka ɗan rakiya, ka kuma sallame shi da abin da ya sawwaƙa. Kada ka nufi madubi ko kyamara cikin gidan mutane, ko wajen mata masu ɗiban ruwa, ko shingen jami'an tsaro. Kada ka taka shuka. Ka bi gefen gona.

Akwai kuma wuraren da ba a zuwa, komai kyan tsuntsayensu. Dajin Rugu da ƙauyukan yammacin jiha, wajajen Jibiya, Batsari, Safana da Ɗanmusa, sun sha fama da 'yan bindiga. Dam ɗin Jibiya da na Zobe a Dutsin-ma wurare ne masu ruwa, amma kada ka ɗauki hanya sai mutanen wurin da kansu sun ce maka lafiya lau, a wannan makon, ba bara ba.

Mataki na biyar: yadda ake kallon tsuntsu guda

Kuskuren mai koyo shi ne fara da launi. Launi yana yaudara, musamman yanzu da maza ke tsakiyar sauya gashi, rabi tsohuwar riga rabi sabuwa. Ka fara da girma. Sai baki: gajere mai kauri na mai cin tsaba ne, siriri na mai cin ƙwari ne, mai ƙugiya na mai farauta ne, dogo kamar mashi na mai kamun kifi ne. Sai wutsiya da ƙafafu. Sai abin da yake yi, da inda yake yinsa: a ƙasa, a ƙolin itace, a kan waya, cikin ruwa? Yana tafiya ne ko tsalle? Daga ƙarshe launi, kuma ka faɗi inda launin yake, kai ko ƙirji ko fiffike.

Ka rubuta kafin ka duba littafi ko waya. Idan ka fara duba hoto, idonka zai gaya maka ka ga abin da ba ka gani ba. A shekarata ta farko, duk abin da ya ratsa sama da sauri shaho nake rubutawa, sai daga baya na gane na tara tsuntsaye iri huɗu ko biyar a ƙarƙashin suna ɗaya. Idan ba ka gane ba, rubuta siffarsa ka bar gurbin sunan.

Kunne ma ido ne. Ragon maza ba ya son fitowa fili, amma kukansa kamar ana tsiyayar ruwa daga gora ba ya ɓuya. Fakara tana yage safiya da muryarta daga kan suri. Ka rufe ido minti biyu ka ƙirga muryoyi nawa kake ji, sannan ka bi guda ɗaya har ka ga mai ita.

Mataki na shida: inda za ka je, da abin da za ka tarar

Manyan itatuwan cikin gari da ƙauye su ne na farko: tsamiya, kuka, cediya, durumi, gamji. A nan shamuwa ke sheƙa, sau da yawa tare da belbela a itace guda. Ka dubi fuskar shamuwa da kyau a wannan lokacin: fatar kumatunta shuɗiya ce, da ɗan ja kusa da ido, gwiwoyi da yatsu kuma jajaye. Belbela ma, wadda muka sani fara sol tana bin shanu, ci da motsin wani, yanzu ta yi ado da gashi ruwan goro a ka da ƙirji da baya. Idan gamji ko cediya ta yi 'ya'ya, ka tsaya ƙarƙashinta ka yi haƙuri. Kurciyar gamji koriya ce mai rawayan ciki, tana iya zama a kanka ba ka gan ta ba sai ɓawon 'ya'yan itace ya faɗo maka a hula.

Gawo abokin mai kallo ne. Shi ne itacen da ke zubar da ganye idan kowa ya fara tsiro, don haka duk abin da ya sauka a kansa a fili yake. A kan gawo da wayoyin lantarki na bakin hanya za ka ga tsanwaka, shuɗiya mai ruwan ƙasa a baya da dogayen gashin wutsiya biyu, tana jiran fara. A nan kuma za ka ga wasu sirara masu kore-kore, farin maƙogwaro da baƙin layi a ido, suna tashi su cafke ƙwaro su dawo reshen da suka bari. Masu cin ƙudan zuma ne, kan hanyarsu daga kurmin kudu zuwa bakin Sahara inda suke haihuwa da damina. Kusa da goruba da giginya, tsattsewa sirara ke kewayawa, suna manna sheƙarsu a bayan ganye.

Ka nemi itacen da tsuntsun gado, mai saƙa sheƙa, ya kafa gari, ka ba shi awa guda cur. Da rani namijin gado ba shi da wani kyau, amma ruwa na sauka kansa zai yi baƙi, jikinsa rawaya, idonsa ja. Yakan tsago ciyawa ko ganyen dabino siriri, ya fara da zobe, ya saƙa ɗaki a kansa, ƙofa na kallon ƙasa. Idan ya gama sai ya rataye a ƙasan sheƙar, kai ƙasa, yana karkaɗa fiffike yana ihu. Macen ta zo ta shiga ta duba. In bai yi mata ba ta tafi abinta, shi kuma ya warware ginin ya sake sabo. A gefen wannan hayaniyar, ka saurari wani siririn kuka mai hawa, dii-dii-dii-didirik. Wani ɗan tsuntsu ne kore mai ƙyalli da farin ƙirji, wanda ruwa ke kawowa. Ba ya gini. Macensa takan faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar gado, gado ya yi mata reno.

Wannan ya kawo ni kan hankaka. Mun taso muna jin hankaka mai da ɗan wani naka, har wasu na cewa ba ta yin ƙwai, satar 'ya'ya take yi. Tana yin ƙwai. Abin da ke faruwa shi ne akwai wani tsuntsu mai tukku da doguwar wutsiya da ɗigon fari a fiffike, dangin wancan koren, da ke zuba ƙwansa a sheƙarta. Ita kuma ta ƙyanƙyashe, ta ciyar. Wato magabata sun ga daidai, akwai ɗan wani a sheƙar hankaka, sai dai ita aka yi wa wayo. Idan ka ga hankaka na ciyar da ɗan da bai yi kama da ita ba a kan hasumiyar waya ko doguwar kuka, ka rubuta ranar.

Cilakowa kuma tana da nata abin mamaki. Macen kan shiga kogon itace, a toshe ƙofar da laka da kashi, a bar 'yar tsaga da baki kawai zai iya wucewa. A ciki za ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, namijin na kawo abinci ta tsagar. In ka ga namiji na kai-komo wurin kuka ɗaya da ƙwaro a baki, ka ja baya ka zauna. Kada ka matsa, kuma kada ka nuna wa yaran da ke riƙe da danƙo.

Sai bakin ruwa. Dam ɗin Ajiwa a ƙaramar hukumar Batagarawa shi ne mafi kusa ga mutumin birnin Katsina. Na Daura kuma yana da Sabke da Daberam. Kafin ruwa ya cika su, laka na fili a gefe, nan ne abinci yake. Za ka ga zalɓe tsaye kamar an dasa shi, kirinjijiya masu farar fuska suna fito idan sun tashi, wani lokaci dinya, ga zakaran ƙeƙuwa da zai tona maka asiri da ihu tun kana nesa. Idan ya yi ta kawo maka farmaki, ƙwansa na ƙasa kusa da ƙafarka. Ka koma ta inda ka fito. Kududdufan bayan gari da ramukan da aka haƙi ƙasar gini ma kada ka raina su bayan ruwa biyu ko uku. A hanyar dawowa ka duba bardo mai doguwar wutsiya a kan turba, da alhudahuda mai tukku, wanda Suratun Namli ta ba mu labarinsa da Annabi Sulaiman, yana caccakar ƙasa. In magariba ta same ka a hanya, jajayen idanun da fitilar babur ke haskawa a ƙasa na yautai ne. Ka rage gudu.

Mataki na bakwai: ka rubuta, ka kuma tambayi sunan

Lokacin ƙuruciyata, mahauta da kasuwanni cike suke da ungulu, har korar su ake yi. Yau sai ka yi shekara ba ka ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun da muka saba da ita a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma guba da cinikin sassan jikinta don haɗa magani na cikin dalilai. Gauraka, sai dai a gidan masu hali, an yanke mata fiffike. Burtu ya koma labarin maharba. Abin da ke ci mini rai shi ne ba wanda zai iya gaya maka shekarar da ungulu ta bar kasuwar garinsu, domin ba wanda ya rubuta. Ba na so shamuwa ta tafi haka.

A kowane shafi ka sa kwanan wata, wuri, lokacin farawa da gamawa, ko an yi ruwa, sannan sunaye da adadi. Ka ware shafi guda na farkon gani: ranar da shamuwa ta sauka, ranar ruwan farko, ranar da gado ya fara saƙa. Ka ƙirga sheƙun shamuwa a itacen garinku, baɗi ka sake ƙirgawa.

Sunaye kuma suna bakin manoma, makiyaya, masunta da tsofaffin maharba. Ka zauna da su. Ka ce, "Baba, wannan mai rawayan baki da jan tsini da ke sauka kan shanu fa?" Zai ce maka carki ne, ya ƙara maka da kirarinsa da lokacin da yake yawa. Ka rubuta yadda ya faɗa da garin da aka faɗa, ko da ya saba da abin da ka ji a Kano ko Zariya, domin suna ɗaya kan hau tsuntsaye biyu, tsuntsu ɗaya kuma ya amsa suna uku.

Idan hannunka ya faɗa, za ka iya kai abin da ka gani inda zai yi amfani. Najeriya na da tsuntsaye sama da iri 900, kuma tun ƙarshen 2015 ake aikin taswirarsu ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi. Da manhajar BirdLasser kake shigar da duk irin da ka gane a cikin gida ɗaya, aƙalla awa biyu, cikin kwanakin da ba su wuce biyar ba. Akwai kuma eBird ta ajiye lissafi, da Merlin mai taimakawa wajen gane tsuntsu daga hoto. Ka shigar da abin da ka tabbatar kawai.

Ka bar shafuka a gaba. Idan ciyawar fadama ta tashi, wajen Yuli, wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa da kake wucewa yanzu ba ka ko kallo zai fito ja wur da baƙi, ya kumbura gashi a kan karan gero. Mulufi ke nan. Bayansa zalaidu zai ja doguwar wutsiyarsa, sannan jan baki su zo gari guda, a fara ɗaura gwangwani a gonaki.